Lahadi, da fim ɗin da Auta ya kawo

Wuta ta kwana ta kuma wuni, abin da rabonmu da shi tun kafin azumi. Na yi guga, na markaɗa kayan miya, har ƙanƙara ta kama a firji. Ummi ta yi ta ɗirkar ruwan sanyi sai da na kwaɓe ta. Gidan ya yi fili tunda su Goggo suka tafi da hantsi, an naɗe katifu, falo ya dawo falo.

Bayan la'asar sai ga Auta da kwamfutarsa a jaka, wai caji ya zo yi, alhali kowa ya san ƙamshin dambu ne ya jawo shi. Ya cinye faranti guda, ya jona kwamfutar da talabijin, ya ce yau zai nuna mana fim ɗin leƙen asiri na masu hankali, ba irin na harbe-harben da Abban Ummi yake so ba. Argo, na Ben Affleck, wanda ya fito a 2012. Labarin da aka gina shi a kai na san shi tun muna jami'a, fim ɗin ne ban taɓa zama na kalla ba.

Ba zan ci amanarsa ba, ya iya riƙe mutum. Ranar 4 ga Nuwamban 1979 ɗalibai suka haura ofishin jakadancin Amurka a Tehran suka kame ma'aikata, 52 daga ciki sai da suka kwana 444 a hannu. A cikin rububin nan mutum shida suka sulale, suka ɓuya wurin 'yan Kanada. Sai CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta turo wani jami'inta, Tony Mendez, da dabarar da ko a tatsuniya sai an yi gardama: a ce su shidan ma'aikatan fim ne daga Kanada, sun zo duba wuraren da za su ɗauki wani fim na sararin samaniya. Har ofis aka buɗe a Hollywood, aka buga talla a jaridun 'yan fim, don ko an bincika a tarar da gaske akwai kamfanin. Wannan duk ya faru. A ƙarshen fim ɗin, da dakarun juyin juya hali suka biyo jirgi da motoci a kan titinsa, Abban Ummi miƙewa ya yi tsaye yana cewa "ka ɗaga mana, direba!" Ni kaina na matse matashin kujera har yatsuna suka yi ciwo.

Da rubutu ya fara hawa sama sai na ce, "To ina Sheardown?"

Auta ya ce wane ne kuma haka.

Na ce mai masaukinsu. John Sheardown, babban jami'in shige da fice na ofishin jakadancin Kanada. Shi ɗaya daga cikin mutanen, Robert Anders, ya buga wa waya lokacin da wuraren ɓuya suka ƙare musu, shi kuma maimakon ya ce bari ya yi shawara, tambayarsa ya yi me ya hana shi kira tun da wuri. Mutum huɗu a gidansa suka zauna, biyu ne kawai a gidan jakada Ken Taylor. Fim ɗin ya kwashe su duka shida ya zuba a gidan jakadan, ya share Sheardown da matarsa Zena, ko sunansu ba a ambata a bakin kowa ba.

"Yaya, fim ne fa, ba aji ba ne. Awa biyu gare su. In aka sa kowa da kowa ai sai a kwana ana kallo."

Na ce na yarda awa biyu ne. Amma a cikin awa biyun nan sun sami wurin da za su ƙirƙiro wani tsohon furodusa mai baƙar magana wanda bai taɓa wanzuwa ba. Sun sami wurin kai mutanen cikin kasuwar Tehran a yi musu ca, abin da bai faru ba. Sun sami wurin cewa Washington ta soke aikin ana gobe tafiya, har ana neman tikiti a gaban kanta, alhali tikitin tun da wuri aka saye shi. Tseren motocin nan da ya tayar da Abban Ummi tsaye ma babu shi. Da asuba suka je filin jirgi, da gangan, lokacin da masu tsaro ke fama da barci, aka duba fasfo, jirgin Swissair ya ɗan yi jinkiri saboda wata 'yar matsalar inji, suka hau suka tafi Zurich a ƙarshen Janairun 1980. Shi ke nan. Wurin ƙarya bai yi ƙaranci ba, wurin mai gida ne ya yi ƙaranci.

Abban Ummi ya zauna yana dariya, ya ce wato a banza ya yi ihu.

Auta bai saduda ba. Kun san shi in ya kama gardama, har gyara zama yake. Ya ce ai wanda ya shiga bakin kura shi ne jarumi. Mendez ya baro ƙasarsa ya shiga Tehran da sunan bogi, in an kama shi kashinsa ya bushe. Su kuwa masu masauki me suka yi ban da ba da ɗaki?

Nan ne raina ya ɗan sosu, har na ji muryata ta canja. Na ce ban raina Mendez ba, ya yi jarumta, kuma ba shi kaɗai ya je ba, su biyu ne, na biyun sai a 2023 CIA ta faɗi sunansa, Ed Johnson. Amma kwanaki kaɗan suka yi a garin. Masu ba da ɗakin nan kusan wata uku suka yi da mutanen da duk gari ake nema. Ka san abin da ake nufi da ciyar da ƙarin baki huɗu a ɓoye? Sheardown rarraba cefane yake yi shago-shago, kada mai kanti ɗaya ya lura cewa gidan mutum biyu ya koma cin abincin mutum shida. Shara ma a mota yake fita da ita, don tulinta a ƙofar gida zai iya tona asiri. Shi yana fita aiki ya sha iska. Zena ce ke wuni da su a gida, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ita za ta amsa, duk wayar da ta yi ƙara ita za ta ɗauka ba ta san wa ke kan layi ba. Ga shi ita haifaffiyar Guyana ce, lokacin ba ta ma zama 'yar Kanada ba.

Na ƙara masa da na kukun nan ɗan ƙasar Thailand, wanda ya nema musu mafaka a kwanakin farko kafin su isa hannun 'yan Kanada. Maigidansa, wani jami'in Amurka da ya maƙale a ma'aikatar harkokin wajen Iran, da harshen Thai yake masa magana a waya don masu sauraron layi su tashi a tutar babu. In dai abin da zai sa gaban mai kallo ya faɗi ake nema, wannan bai isa ba? Shi ma babu shi. Kuma a layi ɗaya tak fim ɗin ya ce Birtaniya da New Zealand sun kore su, alhali 'yan Birtaniya sun ɓoye su da farko, jami'an New Zealand kuma sun taimaka har ƙarshe. Sai da majalisar New Zealand ta zartar da ƙudurin nuna takaici a 2013. Jimmy Carter da kansa, wanda shi ne shugaban Amurka lokacin, ya ce kashi 90 cikin 100 na dabarar da aiwatar da ita na 'yan Kanada ne. Gwamnatinsu ce ta amince a asirce aka buga fasfo na gaske da sunayen bogi.

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi," in ji Abban Ummi, yana miƙa hannu ya ɗauki rimot.

Auta ya dube ni ya yi wani murmushi da ban so ba. Ya ce, "Yaya, anya fim ɗin nan ne yake cin ki, ko Goggo?"

Na ce ya tashi ya kai faranti kicin.

Ashe Ummi ta riga ta fesa masa. Da safe da za su tafi, Goggo ta tsaya a bakin mota ta riƙe hannun ƙanin Abban Ummi, wanda ya zo kai su tasha, ta yi ta zuba masa albarka, Allah ya ba shi mace tagari, Allah ya sa ya gama da duniya lafiya, shi ne ɗan da ba ya gajiya da su. Ni ina tsaye da ledar dambu da soyayyen nama da na tashi tun kafin asuba na haɗa musu na hanya. Ta karɓa ta ce, "To amarya, sai mun sake zuwa." Tun da suka zo ganin likita nake tashi dama kunu marar sukari daban, miya marar gishiri daban, ruwan wanka da zafinsa, in dawo daga makaranta in tarar da wanke-wanke ya taru. Ban yi don a gode ba, kuma Goggo ba muguwa ba ce, a wurinta abin da na yi shi ne abin da matar gida take yi, ba a yi wa mutum godiya don ya yi numfashi. Amma na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na daɗe ban cire mayafi ba. Na ɗauka abin ya wuce sai da fim ɗin nan ya taso da shi.

Abban Ummi dai nasa ƙorafin daban ne, kuma da muka zauna cin tuwon dare ya fito da shi. Ya ce ni ina neman Bature ɗaya da aka cire, shi kuwa tun farkon fim yake neman Ba'iraniye ɗaya da ke magana ba da ihu ba. Na ce akwai yarinyar nan mai aikin gidan jakada da ta rufa musu asiri. Ya ce ita kaɗai, a ƙasa guda. An dai taɓo juyin mulkin 1953 a 'yan mintunan farko, yadda Amurka da Birtaniya suka kifar da firaministan Iran Mossadegh bayan ya mayar da man fetur hannun ƙasa, aka ƙarfafa Shah, sarkin Iran, da 'yan sandan cikinsa na SAVAK, aka kuma nuna cewa karɓar Shah da Amurka ta yi a Oktoban 1979 don jinyar ciwon daji shi ya hura wutar. Daga nan kuma sai gemu da bindiga da zare ido har ƙarshe. Na ce duk da haka tsare ma'aikatan jakadanci sama da shekara ba abin karewa ba ne. Ya ce bai kare ba, cewa ya yi wanda ya kalli fim ɗin nan kaɗai zai tashi da tunanin mutanen haka kawai suka haukace. A nan ban ja da shi ba. Ya ƙara miya ya ce kuma kada in manta, matar shugaban Amurka ce ta sanar da cewa fim ɗin ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai, kai tsaye daga fadar White House.

Sheardown bai ga wannan daren ba. Ya rasu a ƙarshen Disambar 2012, fim ɗin na tsakiyar tashe, saura wata biyu a ba fim ɗin kyautar. Shi dai ƙasarsa ta karrama shi tun da wuri da lambar girmamawa ta Order of Canada, tare da jakadan. Zena kuwa da yake ba 'yar ƙasa ba ce sai aka tsallake ta. Flora MacDonald, wadda ita ce ministar harkokin waje lokacin da abin ya faru, ita ta yi ta bibiya har aka ba ta tata daga baya.

Takardun jarrabawar 'yan aji biyu na nan a jaka ban taɓa ba. Ciwon bayan nan ya dawo. Maman Walid ta aiko a ba ta aron turmi, na ce sai da safe.

Bayan isha'i na tura wa Auta maganar Zena da lambar girmamawar nan ta WhatsApp, dogon saƙo, har da cewa ya karanta da kyau kafin ya ba ni amsa. Ya buɗe nan take. Ya turo hoton dariya guda uku, sannan ya tambaya ko akwai sauran dambu, in akwai a ajiye masa zai biyo gobe.