Asid Ba Tare da Haidirojin Ba

Jiya a darasin kemistiri na ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, Kaduna, wata ɗaliba ta tambaye ni yadda BF₃ (sinadarin da ya ƙunshi atom ɗin boron ɗaya da na fulorin uku) ya zama asid alhali babu haidirojin a cikinsa. Na kawo mata bayanin masanin kemistiri Gilbert Lewis na 1923, wanda a ganina muna jinkirin koyar da shi: asid mai karɓar tagwayen ilektron ne, bes kuwa, wato kishiyar asid, mai bayarwa. A cikin BF₃, ilektron shida kaɗai ke kewaye da boron, yana neman cikon takwas, shi kuma naitirojin na amoniya, wadda bes ce, yana da tagwayen da ba su shiga haɗi ba da zai iya ba shi. Da na zana kibiya da alli daga naitirojin zuwa boron, sai ta ce, "Malam, ashe H⁺ (haidirojin da ya rasa ilektron ɗinsa) ma karɓa yake yi daga OH⁻ (haidiroksaid) kafin a sami ruwa."