Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na kammala

Alhamdulillahi. Ranar Talatar da ta wuce na tsaya gaban malamai na kare kundin digirina na biyu a fannin fiziks, kuma aikin ya karɓu. Tun ranar waya ba ta huta ba. Wanda ban ɗaga kiransa ba ya yi mini afuwa, ga godiyata a nan.

Da Kawu zan fara, wanda ya riƙe ni tun zuwana Legas, da kuɗin albasar da yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Ranar da na ce masa a kan taurari zan yi bincike, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai yaro, duba za ka fara yi mini a gida?" Na ce a'a Kawu, lissafi ne zalla. Na zauna a kan buhu na yi masa bayani: idan ƙaton tauraro ya cinye makamashinsa sai ya tarwatse, cibiyarsa ta dunƙule ta zama abin da ake kira tauraron nutiron. Faɗinsa kimanin kilomita 20 ne, bai kai tsawon gadar Third Mainland biyu ba, amma ya fi rana nauyi. Cokalin shayi ɗaya na jikinsa zai kai tan biliyan guda. Kawu ya gyara hula ya ce, "To wane ɗan dako ne zai ɗauka?" Daga ranar bai sake yi mini ƙorafin kuɗin makaranta ba.

Aikina a kan yadda maganaɗisun irin waɗannan taurari ke rage musu gudun juyawa ne. Wanda na fi zama a kansa shi ne na cikin hazon Kaguwa, ragowar fashewar da masanan Sin suka gani suka rubuta a 1054. Har yau yana juyawa kusan sau 30 a daƙiƙa, yana watso haske kamar fitilar motar asibiti, gudun kuma na raguwa kaɗan-kaɗan. Auna wannan kaɗan ɗin ne ya ci mini shekara biyu.

Saura wata uku in gama aka yanke mini jaka a cikin motar haya ta danfo a Oshodi, aka tafi da kwamfutata. Rabin lissafin na ciki. Na kwana biyu ban faɗa wa kowa ba. Da labari ya isa kasuwa, ƴan albasa da ƴan tumatir suka yi karo-karo, kafin Juma'a ta zagayo an miƙo mini wata. Akasarinsu ba su san me nake karantawa ba, sun dai san ɗan gida ne. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Haka mai shayin layinmu a Agege, da ya bar mini kan benci da soket ɗin janaretansa har ƙarfe biyun dare, bai taɓa karɓar ko sisi ba sai kuɗin shayi.

Malamina kuwa ban san da wane baki zan gode masa ba. A fanninmu kowa ya san Jocelyn Bell: tana ɗaliba a jami'ar Kambirij ta fara gano siginar da irin waɗannan taurari ke aikowa a kai a kai kamar bugun zuciya a 1967, amma da kyautar Nobel ta zo a 1974 malaminta aka ba, ita babu sunanta. Har yau abin na ci mini rai. Nawa malamin, da muka rubuta maƙala tare, da hannunsa ya mayar da sunana gaba da nasa.

Inna, addu'arki ta iso har nan. Ina nan tafe kafin azumi in Allah ya yarda.

Akwai ƴar walima ranar Asabar bayan la'asar a gidan Kawu, kowa ya zo. A kawo yara, in gari ya yi garau zan nuna musu Kaza da Ƴaƴanta bayan isha'i. Masu aiko mini da sunan mahaifiyarsu don in duba musu tauraro kuma, don Allah ku bari.