Abin da na gani a aikin binciken abinci da lafiyar yara a ƙauyukan Jigawa

Na shiga aikin tattara bayanai kan abinci da lafiyar ƙananan yara ne a daminar 2023, jim kaɗan bayan janye tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota da farashin hatsi suka tashi tare, rumbuna kuma suka yi ƙasa kafin kaka. Mu mata muke shiga cikin gida, abokan aikinmu maza su tsaya a zaure da mai gida. Kayan aikina su ne waya mai ɗauke da tambayoyi, da sikeli, da ɗan siririn ma'auni mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Idan awon ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani. Daga nan sai in danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan gurbin ya zauna to akwai kumburi, dole a tura shi asibiti.

Na tafi da alƙaluma a kaina. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure a Najeriya, a Jigawa kuwa adadin ya kai 64. Amma makon farko kusan asararsa na yi, kuma laifin nawa ne. Ban yi cikakken bayanin abin da ya kawo ni ba, mutane kuwa sun san cewa da rubuta suna aka fara kafin wasu gidaje su riƙa karɓar tallafin gwamnati na naira 5,000 duk wata, don haka duk gidan da na shiga sai a ce mini ba a ɗora tukunya jiya ba. Ban zarge su ba, domin wanda yake cikin matsi ba ya barin dama ta wuce shi. Sai na roƙi mai unguwa ya yi shela cewa ba rajistar tallafi muke yi ba, ni ma ina maimaita hakan kafin in zauna a tabarma. Fara'a ta ragu a wasu gidaje, amma amsoshin suka fara kama da gaskiya.

Tambayar abin da yaro ya ci jiya ita ce ta fi cin lokaci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya ci daga rukuni biyar cikin rukunan abinci takwas, uwa kuwa amsarta kalma ɗaya ce: tuwo, ko kunu. Sai na bi a hankali, miyar mece ce, kuka ko kuɓewa, an sa wake ko kifi, kunun da ƙuli ko madara ko dai gero da tsamiya ne kawai. A wani gida kaji na ta kai-komo a tsakar gida, amma yaran ba su ɗanɗana ƙwai ba, domin tarawa ake yi a sayar ranar kasuwa a sayo awo da sabulu.

Haka batun inshorar lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Da na yi tambayar kamar yadda aka rubuta ta, babu wadda ta gane. Da na ce, "Kina da katin da ake duba ki a asibiti ba ki biya ba?" sai wasu suka ciro shi daga cikin kwalla. Da yawansu sun ce takan faru a rubuta musu magani su saya a kemis, ga kuɗin babur zuwa da dawowa. Takardarmu kuwa ta ƙirga su cikin waɗanda suka samu kariya.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata dattijuwa mai riƙon jikoki huɗu. Ƙaramin ya yi makonni yana karɓar abincin maganin tamowa da ake haɗawa da gyaɗa da madara, wanda kowace leda gram 92 ce mai kalori 500, amma damtsensa bai bar ja ba. Na ce, "Iya, yana cinye rabonsa kuwa?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yata, yaya zan ba ɗaya, ukun suna tsaye suna kallona?" A wayata akwai gurbi ɗaya tak na irin wannan amsa, wato mai kula da yaro ba ta bin ƙa'ida. Na daɗe ina kallonsa, domin na san ba rashin sani ne ya sa ta raba ba, tukunyar gidan ce ba ta isa. A ganina duk binciken da ya ware magani gefe, abinci gefe, kuɗin asibiti gefe, ba zai fahimci irin wannan gida ba, tunda daga aljihu ɗaya duka ukun suke fita.

Na cike gurbin yadda aka umarce mu, na rubuta maganarta a wurin ƙarin bayani, na kuma ba ta takardar komawa asibiti. A taron bita na nemi a ƙara tambayoyi biyu: yara nawa ke cin ledar da aka ba mutum ɗaya, da kuma abin da gida ya sayar karo na ƙarshe da wani ya kwanta rashin lafiya. An karɓi ta biyun kawai, kuma a gidajen da na shiga bayan haka amsar da na fi ji ita ce akuya.