Awa ɗaya tak ta sa aka zargi yaron kanti

Manhajar lissafin ciniki da nake kula wa wani kanti a Sakkwato ba ta taɓa ba da matsala ba sai da azumi ya kama. A azumi ciniki kan kai har bayan sha biyun dare, sai jimillar rasit ta daina dacewa da rahoton rana. Kafin a kira ni har an fara yi wa yaron kanti wani irin kallo, abin da har yau yake ci mini rai.

Ko kwabo bai ɓata ba. Duk cinikin da aka yi daga 12:00 zuwa 12:59 na dare yana faɗawa lissafin jiya. Agogon Najeriya yana gaban UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo da shi, da awa ɗaya, shi kuwa toISOString(), umarnin da ke rubuta kwanan wata da lokaci a yaren manhaja na JavaScript, sai ya mayar da lokaci UTC kafin ya rubuta. Ƙarfe 00:30 na ranar 15 ya koma 23:30 na ranar 14. Ka yanko haruffa goman farko na abin da ya rubuta ka ce kwanan wata ke nan, to ka koma jiya. Da rana ba ya nunawa sam, shi ya sa ya tsallake kowane gwaji. Wa ke gwada manhaja da tsakar dare?

Ga gyaran da na yi. A PostgreSQL, rumbun ajiye bayanan manhajar, na bar lokacin ciniki a timestamptz, nau'in da ke ajiye lokaci bisa UTC, amma kafin a tara na yini sai an juya shi zuwa agogon Najeriya da AT TIME ZONE 'Africa/Lagos'. Kada ka ƙara awa ɗaya da hannunka. Mu ba ma canja agogo, amma Ingila tana canjawa a Lahadin ƙarshe na Maris da na Oktoba, ran da manhajarka ta tsallaka can ƙarin ya zama ƙarya. Ranar lalacewar kaya kuwa ba ta da awa, DATE zalla, wato nau'in da ke ajiye kwanan wata kawai, ya ishe ta.

Yanzu ba na sakin komai sai na saita agogon kwamfuta kan 00:30 na gwada.

Kwanan watan Musulunci rigimarsa daban. Tsarin kalandar Hijira na kwamfuta da ake kira islamic-umalqura lissafin Saudiyya ne, mu kuwa sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, kuma sukan saɓa da kwana ɗaya. Na sa wa mai kanti wurin da zai ƙara ko ya rage kwana da kansa.