Ranar da tachin wayata ya mutu da muryar Baba a ciki

Wallahi ban taɓa ɗaukar kebul ɗin caji a bakin komai ba sai ranar da wayata ta suɓuce daga aljihun riga ta faɗi ta fuska a kan siminti. Na ɗauko ta, gilashin ya tsage tun daga kusurwar sama har ƙasa, amma tana kawo haske, agogo na nan, saƙo ma yana shigowa ina kallonsa. Na sa yatsa zan zana fatan ɗina, wato zanen da nake buɗe wayar da shi, shiru. Na goge yatsan a jikin riga na sake gwadawa, shiru dai. Tachi ya mutu murus.

To ni ba wayar ce damuwata ba, waya ai ana sake wata. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne saƙonnin murya na Baba, Allah ya jiƙansa, na wajen shekara uku da yake turo min a WhatsApp, don shi ba ya rubutu, komai sai dai ya danna ya yi magana, wani lokacin ma ya gama abin da zai faɗa ya manta bai saki yatsa ba sai ka ji shi yana ta hira da wani a gefe. Duk suna cikin wayar nan kuma babu su a ko'ina, saboda na daɗe da kashe ajiyar Google Drive wai don kar ta riƙa cinye min data.

Abu na farko da ya zo min a rai shi ne in jona ta da kwamfuta in kwashe komai. Na ɗauko kebul ɗin da ke kusa na jona, wayar ta nuna tana caji, kwamfuta kuwa ko motsi ba ta yi ba, ko ɗan ƙaran nan da Windows ke yi idan an soka mata wani abu babu. Na canza rami, na kashe na kunna, na sake canza rami, ba labari. Ashe kebul ɗin ne. Kebul na USB na asali wayoyi huɗu ne siraran a cikinsa, biyu na wuta biyu na ɗaukar bayanai, amma akwai waɗanda biyu na wutar kawai aka saka musu, irin waɗanda ake haɗowa da fitila mai caji ko ƙaramar sifika, a ido ba za ka taɓa bambance su ba. Irin wannan ko shekara za ka yi kana jonawa caji kawai zai yi maka. Mutane da yawa sun yanke hukuncin cewa wayarsu ce ta lalace ko kwamfutar ce ba ta da kyau alhali laifin yana wajen igiyar nan. Da na lalubo wanda ya zo da wayar a kwalinta na jona, nan take na ji ƙaran, sunan wayar ya fito a This PC.

Na danna da sauri hannuna har rawa yake, sai na tarar da fili fetal, babu folda ko ɗaya.

Nan ne na gane matsala ta biyu, kuma ita ce babba. Waya idan tana kulle ba ta nuna wa kwamfuta komai, kuma da gangan aka yi ta haka don kar ɓarawo ya tsince ta ya je ya kwashe sirrin mutum. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama ma dole ne bayanan cikinsu su kasance a rufe da lambar sirri, wato ko an ɓalle wayar an ciro memorin cikinta ba abin da za a iya karantawa sai da fatan ɗin mai ita. Sannan ko ka buɗe ta, sai ka janyo sanarwa daga sama ka taɓa wajen da aka rubuta USB ka canza shi daga caji zuwa File transfer. Abu biyu ke nan, kuma duk biyun yatsa suke buƙata, ni kuma tachi ya mutu.

Na kai wa wani mai gyara, ya ce gilashin irinta ba shi da shi a hannu sai bayan kwanaki, kuma in bar wayar tare da fatan ɗin. Da na yi masa bayanin abin da nake so sai ya ce ko a yi mata filashin, na ce a'a don Allah kar ka taɓa, don filashin ai goge komai yake yi, abin da nake gudu ke nan. Na karɓi abata na dawo gida jiki a sanyaye.

Ƙanina ne ya cece ni. Ya juya wayar a hannu ya ce, "Yaya, ai tunda tana nuna haske ba ta mutu ba, linzami za mu sa mata." Na ce wane irin linzami kuma, wayar? Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan mitsitsin abu bai kai rabin yatsa ba, gefe ɗaya yana shiga ramin caji na waya, ɗaya gefen kuma ramin USB ne babba irin na kwamfuta, shi ake kira OTG. Ya cire maus ɗin kwamfutata ya soka a ciki, sai ga wata 'yar ƙaramar kibiya baƙa ta bayyana a kan fasasshen gilashin nan tana yawo. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ya ce, "To zana fatan ɗinka, ka danne maɓallin hagu kar ka saki sai ka gama." Sau biyu ina kuskurewa saboda tsagar ta rufe ɗigo na tsakiya ba na ganinsa sosai, a na uku wayar ta buɗe.

Amma fa ramin waya ɗaya ne, idan maus na ciki kebul ɗin kwamfuta ba shi da wajen shiga, idan kuma ka cire maus ka jona kwamfuta wa zai taɓa File transfer ɗin? Ga dabarar da muka yi, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe ta. Da maus ɗin muka shiga setin, muka je About phone, muka nemo Build number muka danna shi sau bakwai a jere, wayar ta nemi fatan muka sake zanawa, sai wani ɓoyayyen sashe ya buɗe mai suna Developer options. A Samsung sai ka ƙara shiga Software information kafin ka ga Build number ɗin, kowane kamfani da inda yake ɓoye nasa. A cikin sashen akwai wajen da ake zaɓar abin da waya za ta yi kai tsaye duk lokacin da aka jona mata USB, muka mayar da shi File transfer, muka ƙara tsawon lokacin da gilashi ke ɗauka kafin ya ɗauke haske zuwa minti 10, sannan muka zare maus muka soka kebul tun wayar tana buɗe. Sai ga Internal storage ya fito. Alhamdulillahi na faɗa ya fi sau goma.

Hotuna ba su da wahalar samu, suna cikin foldar DCIM, sunan da kyamarori suke amfani da shi tun kafin zuwan wayoyin nan. Na WhatsApp ne suka so su ruɗa ni don da can foldarsa a fili take da ka buɗe za ka gan ta, amma tun zuwan Android 11 ta koma can ciki, sai ka shiga Android, ka shiga media, ka shiga com.whatsapp, sannan WhatsApp, sannan Media. A nan na ga WhatsApp Voice Notes, a cikinta ƙananan foldodi birjik masu suna da lambobi, kowane fayil ya fara da PTT sai kwanan watan da aka turo shi, ƙarshensa kuma opus. Babu sunan wanda ya turo, na kowa a cakuɗe suke, don haka na kwashe duka gaba ɗaya. Na buɗe ɗaya da VLC don in tabbata suna aiki, na wani abokin aiki ne, na biyu ma haka, na biyar sai na ji gyaran muryar Baba kafin ya yi sallama, yadda dai ya saba. Ƙanina da ke tsaye a bayana bai ce komai ba, ya ja kujera ya zauna.

Daren nan na koyi wani abu game da kwafin kansa. Hanyar da Android ke bi wajen magana da kwamfuta sunanta MTP, kuma gaskiya ba ta da juriya, idan ka tara mata dubban ƙananan fayiloli lokaci ɗaya sai ta tsaya tana lissafi kamar ba za ta gama ba, wani lokacin ta yanke a tsakiya ba tare da ta gaya maka inda ta tsaya ba. Gara ka riƙa ɗauka folda-folda. Kuma don girman Allah kar ka yi Cut, ka yi Copy, ka buɗe a kwamfuta ka ga sun shiga lafiya, ka duba adadinsu ya yi daidai, sannan in kana so ka goge na wayar. Kar kuma ramin USB-C ya ruɗe ka ka ɗauka dole ya yi sauri, wayoyi da yawa bakin ne kawai sabo amma gudun na USB 2.0 ne, megabit 480 a daƙiƙa, wanda aka fitar tun shekarar 2000, shi kuwa USB 3.0 yana kaiwa gigabit 5. Ko iPhone 15 da ta koma USB-C a 2023, ƙaramar gudun USB 2.0 take yi, sai Pro ɗin ce ke da mai sauri.

Masu iPhone nasu ya ɗan bambanta, da ka jona za ta tambaye ka ko ka yarda da wannan kwamfutar, ka taɓa Trust ka sa lambarka, kuma a Windows hotuna da bidiyo kawai za ta nuna maka. Idan hotunan suka ƙi buɗewa to HEIC ne, tsarin da Apple ya koma tun iOS 11 a 2017, ana iya canza shi a setin kyamara ya koma JPEG.

Tun daga lokacin na zama wani iri, na fara tona wayar ina ganin abubuwan da na yi shekaru ina yawo da su a aljihu ban sani ba. Wanda na fi amfani da shi yanzu shi ne USB tethering, wato ka ba kwamfuta intanet ɗin wayarka ta kebul, ya fi min hotsifot nesa ba kusa ba don ba ya yankewa kuma wayar tana samun caji maimakon ta yi zafi batir ya zube. Sai dai ka tuna ka shiga setin intanet na Windows ka kunna Metered connection, in ba haka ba za ta ga hanya ta buɗe ta hau sauke sabuntawa, kafin ka ankara datarka ta tafi. Akwai Phone Link na Microsoft, wanda da ake kira Your Phone kafin su canza masa suna a 2022, da shi saƙonni da kira da hotunan waya suke fito min a kwamfuta ina aiki ba sai na riƙa ɗaga waya kowane minti ba. Idan fayil ɗaya ne ko biyu kuwa Quick Share nake amfani da shi, ba kebul ba komai, kuma hoto yana zuwa da kyansa, ba kamar ka tura wa kanka ta WhatsApp ya matse shi ya rage masa inganci ba, abin da na yi shekaru ina yi ke nan.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne scrcpy, wata manhaja ta kyauta da ke ɗauko fuskar wayar gaba ɗaya ta sa a kwamfuta kana sarrafa ta da maus da kibod. Da a ce na saita ta tun kafin wayar ta faɗi da ban sha wahalar nan ba ko kaɗan. Amma tana buƙatar ka kunna USB debugging a cikin Developer options ɗin nan, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi, wannan ƙofa ce babba, kwamfutar da ka amince wa tana iya saka manhaja a wayarka ta kuma cire, don haka kwamfutarka ta kanka kaɗai za ka amince wa. Idan wayar ta nuna maka tambayar amincewa a kan kwamfutar da ba taka ba, ka ce a'a kawai. Haka ma WhatsApp Web, duk wanda ya buɗe a kwamfutar wani ya tashi bai fita ba to ya bar wa mutumin hirarsa a buɗe, ka riƙa leƙa Linked devices lokaci-lokaci kana cire abin da ba ka gane ba.

Saƙonnin Baba sai da na yi sati biyu ina tace su da daddare, in buɗe in saurara in ware nasa a folda guda, in canza wa kowanne suna da abin da ya faɗa a ciki don in gane shi. Na sa kwafi a kwamfuta, na sa a filashi biyu, na kuma ɗora a Google Drive ɗin da na ƙi kunnawa da. Ɗaya filashin na ba ƙanina. Ranar da ya zo karɓa ya ce, "Yaya, akwai wanda yake min faɗa a kan na daɗe ban kira shi ba, ta wayarka ya turo ya ce ka kunna min, yana ciki?" Na ce yana ciki, daƙiƙa 40 ne. Ya ce in kunna masa yanzu kafin ya tafi, na jona sifika na kunna.