Kofin da na ware wa Amma a Haidarabad

Makon jiya ɗan kawuna ya shigo shagona da takardar samun gurbin karatu a Indiya, baki har kunne. Na ce masa Allah ya sanya alheri, to ka shirya zama da mutanen? Ya ce, "Haba Yaya, mu da muka tashi a gaban finafinansu? Ai Indiya gida ce." Da na dube shi sai na ga kaina a 2015, ranar da na bar Kano zuwa Haidarabad, wani birni a kudancin Indiya, karatun haɗa magunguna, kaina cike da waƙoƙi, ina jin da na sauka kowa zai rungume ni. Na zaunar da shi a benci na ba shi labarin tuntuɓen da na yi. Shi ne zan maimaita a nan, don ba shi kaɗai ke ɗaure kaya ba. Ga 'yan karatu, ga masu rakiyar marasa lafiya, ga masu zuwa saro yadi da magani.

Bari in fara da mai sauƙin. Abin da muke kira Indiyanci sunansa Hindi, kuma ba kowa ke jin sa ba, ba kowa ke son jin sa ba. A cikin birnin Haidarabad za ka lallaɓa da shi, don akwai masu Urdu da yawa, amma yawancin 'yan ajinmu Telugu suke yi. Ranar da na je Chennai, can kudu sosai, na saki ɗan Hindina ga wani dattijo mai sayar da shayi, sai ya ɗaure fuska ya amsa mini da Turanci. Daga baya na ji cewa a 1965 mutanen wannan yanki, Tamilawa, sun yi bore a kan yunƙurin ɗora musu Hindi, har wasu suka cinna wa kansu wuta, kuma rigimar ba ta mutu ba har yau. Tsarin mulkin ƙasar harsuna 22 ya lissafa. In kudu za ka, ka koyi gaisuwar mutanen garin ko da kalma biyar ce, ka ajiye ta fim a aljihu.

Babban kuskurena a kicin ya faru.

Mu uku muka kama haya a wajen Tolichowki, inda 'yan Afirka ke da yawa. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa kullum da safe ta share gidan, ta wanke banɗaki, ta fitar da shara. Amma muke kiran ta, wato uwa a harshensu, sunan da ya riƙa rikita mu in muna hira da Hausa. Ranar da muka tare, mai gidan ya zagaya da mu, ya nuna mana wani kofin ƙarfe da ya lotse, ajiye a bakin taga ta waje. Ya ce wannan nata ne, kada mu haɗa shi da namu, kada mu ba ta ruwa a wani. Ban tambayi dalili ba. Na ce a raina in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi ka ɗaura. Wata da watanni ina tsiyaya mata shayi daga sama a cikin wannan kofi, ta karɓa da hannu biyu, ta tsuguna a bakin ƙofa ta sha, ta wanke shi a famfon waje ta mayar bakin taga. Na ɗauka tsafta ce, tun da tana taɓa shara.

Ashe abin da suke kira jati ne, rukunin da aka haifi mutum a ciki, wanda ba ya fita sai mutuwa. Shi ke yanke wanda za ka aura, a ƙauyuka da yawa har da layin da gidanku zai kasance da rijiyar da za ka ɗebi ruwa. Can ƙasa akwai waɗanda a da ake cewa taɓa su ƙazanta ne, yanzu suna kiran kansu Dalit. A ƙidayar 2011 sun kai kashi 16.6 cikin ɗari, wajen mutum miliyan 200 ke nan. Tsarin mulkin da ya fara aiki a 1950 ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17, an kuma yi doka a 2013 da ta hana sa mutum kwasar kashi da hannu, amma har gobe ana jin labarin leburori sun mutu a cikin ramin masai, kuma kusan dukkansu daga wannan rukuni suke. Kada ka yi saurin cewa ai wannan addinin Hindu ne. Mai gidanmu Musulmi ne, sahu ɗaya muke bi ranar Juma'a. Su ma Musulmin can suna da masu jin asali da waɗanda ake rainawa, har na ƙasan suka kafa gwagwarmayarsu da sunan Pasmanda.

Wanda ya buɗe mini ido abokina ne ɗan ajinmu, daga wani ƙauye kusa da Warangal, kuma sai da na ɓata masa rai tukuna. Yaro ne shiru-shiru, shi ya koya mini hawa bas da yin ciniki. Wata rana a wurin cin abinci wasu 'yan aji suna zolayar "'yan kaso", wato waɗanda suka shigo ta guraben da gwamnati ta ware. A makarantu da ayyukan gwamnatin tarayya kashi 15 na Dalit ne, 7.5 na ƙabilun daji, 27 na sauran rukunan da aka bari a baya. Ni kuma don in nuna na waye, na juya na tambaye shi da ƙarfi, "Kai wane jati ne? Kai ma ɗan kaso ne?" Teburin ya yi tsit. Ya yi murmushi, ya tashi ya wanke hannu ya fita, bai gama shinkafarsa ba. Ashe shekara guda ya yi yana rubuta sunansa ba tare da na gidansu ba, don a can daga jin sunan gida ake gane mutum. Da tambaya ɗaya na kwance masa zane a kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai, ni ɗan Arewa ne, na san zafin a dube ka a Najeriya a ce ba ƙwaƙwalwarka ta kawo ka ba, rabon gurabe ne.

Don Allah kada ka tambayi kowa jatinsa. Kada ka yi ta tonon sunan gidan mutum. In yana so ka sani, shi zai faɗa.

Mun fi wata biyu ba ma magana. Abin da ya sake haɗa mu mutuwa ce. Ranar 17 ga Janairun 2016 Rohith Vemula, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Haidarabad kuma ɗan ƙungiyar ɗalibai mabiya Ambedkar, jagoran 'yan Dalit, ya kashe kansa bayan an kore shi daga ɗakin kwana tare da abokansa huɗu. Ɗalibai suka fito zanga-zanga har Delhi. Na je na sami abokina na ba shi haƙuri, ban yi dogon bayani ba. Ya ja ni mahaɗar hanya, gaban irin gumakan nan da nake wucewa kullum ban kula ba: mutum da kwat shuɗi da tabarau, littafi a hannu ɗaya, ɗayan yana nuni. Ya ce wannan shi ne Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin ƙasar. Ya ce lokacin da yake yaro a makaranta, a kan buhu yake zama can gefe, in yana jin ƙishirwa sai masinja ya zo ya tsiyayo masa ruwa daga sama, ranar da masinja bai zo ba babu ruwa. Yana cewa "daga sama" na ji gabana ya faɗi. Da safen ranar na yi wa Amma haka.

Za ka zata daga nan na shiryu. Ina! Daren 8 ga Nuwamban 2016 Firayim Minista Narendra Modi ya fito a talabijin ya ce daga tsakar dare takardun rupi 500 da 1,000 sun daina aiki, kuma su ne wajen kashi 86 na kuɗin da ke hannun jama'a. Wanda ya ga wahalar canjin naira a 2023 ya san kamannin abin. Ina da tsofaffin takardu, ga layin banki har titi, ga ni baƙo. Sai dabara ta zo mini: na biya Amma kuɗin watanta tun kafin lokaci, da 'yan ɗari biyar-biyar, har ina jin na yi mata alheri. Ta juya su a hannu, ba ta ce komai ba. Kwana biyu ba ta zo ba. A rana ta uku na ji daga maigadi cewa ba ta da asusu, a layi ta wuni sau biyu, wani gidan da take wa aiki kuma ya yanke mata kuɗin kwanakin. Ni da mai kantin unguwarmu, Bahinde, ya buɗe wa littafin bashi na makonni ba tare da ya tambaye ni komai ba, na ɗauki wahalata na ɗora wa wadda ba ta da bakin cewa a'a. Duk ƙasar da ka je, in ka ga mutum ba ya taɓa yi maka musu, ka bincika ko yarda ce ko rashin iko.

Sai maganar nama. A Haidarabad Musulmi suna da ƙarfi, ana kiran salla ko'ina, da azumi ka sha halim, wani fate na alkama da nama, a kusa da Charminar, tsohon ginin nan na tsakiyar birni, har ka manta gida, naman ɓauna kuma a fili ake sayar da shi. Wannan ya ruɗe ni. A 2017 na hau jirgin ƙasa zuwa Delhi, tafiyar yini da kwana, da kilishin da aka aiko mini. Muna cikin arewacin ƙasar na buɗe takarda, ƙamshi ya cika tarago, wani ya tambaye ni mene ne, na washe baki zan ce naman sa. Wani tsoho mai farin gemu da ke gefena ya danne mini gwiwa da hannu, ya amsa a madadina cewa akuya ce. Da mutumin ya tashi, ya raɗa mini, "Ɗana, naɗe ka sa a jaka." Hannunsa rawa yake. A Satumban 2015 an kashe Mohammad Akhlaq a Dadri a kan jita-jitar yana da naman saniya a gida, a watan Yunin 2017 kuma an daɓa wa wani yaro Junaid wuƙa a cikin jirgin ƙasa kusa da Delhi, yana dawowa daga sayayyar salla. Da rigima ta tashi, ni ina da fasfo da ofishin jakadanci. Tsohon nan da hularsa da gemunsa fa? Musulmin Indiya sun haura miliyan 170 tun a ƙidayar 2011, amma kashi 14 ne kawai, kuma tun bayan dokar zama ɗan ƙasa ta Disamban 2019, wadda ta sauƙaƙa wa baƙin haure na wasu addinai daga Pakistan da Bangaladash da Afganistan ta tsallake Musulmi, da rikicin Delhi na Fabrairun 2020 da ya ci rai 53, zamansu ya ƙara zama na ɗar-ɗar. Wautarka kan iya zama ajalin wani.

Kada kuma haushi ya kwashe ka zuwa ɗaya gefen, kamar yadda ya kwashe ni. Na koma duk bidiyon da na gani na ana dukan wani sai in tura zaurukan WhatsApp na gida da rubutun "ku ga abin da ake wa Musulmi". Ɗaya daga ciki ashe ba ma a Indiya aka ɗauke shi ba, ya zaga har ya dawo wayar mahaifiyata, ta kwana ba ta runtsa ba. Irin wannan turawar ce ta sa aka kashe mutane a ƙauyukan Indiya bisa zargin satar yara, har a 2018 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar. Zaluncin da ke akwai ya isa, ba ya bukatar ƙari daga wayarka.

Kai ma za ka ɗanɗana naka, ba zan ɓoye maka ba. Za a kira ka "kalu", wato baƙi, wani mai gida zai ce ɗaki ya kama da zarar ya ga fuskarka. A Maris ɗin 2017 gungun mutane sun lakaɗa wa ɗaliban Najeriya duka a Greater Noida, kusa da Delhi, bisa zargi maras tushe. Ka yi rajistar baƙi a kan lokaci, kada bizarka ta ƙare a hannunka, ka guji taron da ya fara zafi. Ni dai na daɗe ina kukan an raina fatata, alhali kofin nan yana bakin tagata. Laifi tudu ne. Da na dawo gida ma, a gabana aka fasa wani aure a danginmu don an gano kakan yaron mahauci ne, kuma masu fasawar su ne suka fi kowa girgiza kai in na ba da labarin jati.

Kofin kuwa, tun washegarin ranar da muka tsaya gaban gunkin nan na ɗauke shi na jefa a kwandon shara, na zuba wa Amma shayi a irin namu na tangaran, na jawo mata kujera. Ta dubi kofin, ta dubi ƙofar mai gida, ta girgiza kai. Da ta zo fitar da shara ta tsamo nata, ta wanke, ta mayar bakin taga. Na je wa abokina da ƙorafi, ya ce, "Kai nan da shekara uku za ka hau jirgi. Ita a gidan nan za ta ci gaba da aiki." Daga nan ban sake matsa mata ba. Sai na sayo irin kofin nata na ƙarfe, na ajiye kusa da shi a bakin taga, in ta zo da safe in fito da buta in zauna a dokin ƙofa mu sha tare. Kuɗin kwana biyun nan na biya ta da sababbin takardu a watan Disamba. Ta ƙirga, ta zare ɗaya ta miƙo mini, ta ce na yi kuskuren lissafi.