Man hemf ɗin da na saya ashe ba CBD ba ne

Wata uku na yi ina ɗiga wani mai a ƙarƙashin harshe kowane dare, ina jiran ciwon gwiwata ya lafa, kafin na gane man ƙwayar irin shukar hemf kawai na saya. An rubuta man hemf da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar, ga hoton ganye kore shar, ni kuma na ɗauka ai CBD ne, wato wani sinadarin shukar da ba ya bugarwa, wanda wasu ke sha don rage ciwo.

Shi man ƙwayar hemf matse shi ake yi daga irin shukar. Yana da kitsen omega-3 da omega-6, fata na jin daɗinsa, amma CBD kusan babu a ciki. CBD a fure da ganye yake, can ake tatso shi da iskar kabon dayoksaid ko sinadarin itanol. Hemf da tabar wiwi kuwa shuka ɗaya ce, yawan THC, sinadarin da ke bugarwa, shi ya raba su. Dokar noma ta Amurka ta 2018 ta ce in THC bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshiyar shukar ba, to hemf ce.

Tataccen CBD kuma iri uku ne, a nan mutane ke rikicewa. Wanda ake kira ful sifektiram an bar masa komai: CBD, sauran sinadarai danginsa da shukar ke da su sama da 100, da waɗanda ke ba ta ƙamshinta, har da ɗan THC. Masu sonsa na cewa haɗuwarsu ce ke ƙara masa ƙarfi, ni dai ban ga an kawo hujja mai ƙwari ba tukuna. Abin da na tabbata shi ne, wannan ɗan THC ɗin na iya taruwa a jiki ya bayyana a gwajin fitsari, don haka wanda ake gwadawa a wurin aiki ya kiyaye. Birod sifektiram shi ne aka cire wa THC aka bar sauran. Sai aisolet, farin gari, CBD tsantsa kusan kashi 99, ba wari ba ɗanɗano.

Ko ɗaya cikinsu ba a amince da shi a matsayin maganin gwiwa ba. Maganin CBD da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2018, wato Epidiolex, na wasu nau'o'in farfaɗiya ne masu tsanani. Kuma CBD na taɓa yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, irin su wafarin mai tsinka jini, shi ya sa sai da na zauna da likitata kafin na sake saye.

Yanzu hoton ganye ba ya ruɗa ni. Miligiram nawa na CBD aka rubuta, shi nake fara nema, sannan takardar gwaji daga ɗakin bincike mai zaman kansa, mai lamba ɗaya da ta kwalbar. Ragowar wancan man kuwa, shafa shi nake yi a gwiwar hannu in ta bushe.